Takarda ta Goma Sha Shida

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Rainiero, shugaban sansaninmu, ya raba mana takardun hasashe tun ranar Juma'a. Nawa goma sha shida ne, kowane yaro da tasa, kuma yana so a mayar masa ranar talatin ga wata, don za a buɗe kakar wasa ranar biyu ga Yuni. Aikin da na shekara ashirin da takwas ina yi wa kulob ɗin nan ke nan. In tsaya bayan raga in kalli ɗan shekara goma sha bakwai yana wasan besbol, ƙwallon da ake jefawa a buga da sanda, sannan in rubuta abin da zai yi daga nan zuwa Agusta. Wa zai bugi ƙwallo, wa zai sare a tsakiyar kaka, wa za a riƙe, wa za a sallama. Da can kwana huɗu ya ishe ni.

Suna nan a kan tebur yadda na bar su ranar Asabar, lokacin da aka kira ni a waya.

Casilda ta daka agade ta soya ƙwai. Na ce mata na ƙoshi. Ta ce, "Da me ka ƙoshi, Elpidio? Da kofi?" Shekara talatin da biyar muna tare, matar nan ba ta taɓa haɗiye magana ba. Amma ba ta ambaci sunan yaron ba. Ni ma ban ambata ba.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Ba labari. Sojan ruwa na ta dubawa a teku, tsakanin garin Miches da tsibirin Puerto Rico. Rediyo ya ce mutum arba'in da ɗaya ne a cikin kwale-kwalen. Irin wanda masunta takwas suke fita da shi. Yaron yana cikinsu.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Franyel ya yi jifa yau. An ce masa ya tafi gida wurin mahaifiyarsa har a ji abin da ake ciki, ya ƙi. Ya ce idan ya zauna a gida haukacewa zai yi. Shekararsa goma sha bakwai, shi ne ƙanen Dionis.

To, na rubuta sunan.

Na'urar auna gudun ƙwallo ta nuna mil casa'in da biyu a awa. Yaran da ke zaune a benci suka yi ta ihu. Nicasio, kocin masu jifa, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Tsoho, ka gani kuwa? Ko idon ya tafi inda gashin kanka ya tafi?"

Na ce, "Kai dai ka ji da tumbinka, da yake riga ka isowa fili da minti biyar."

Ya yi dariya, na yi. Dariyata ta farko tun Asabar, kuma sai na ji kunyarta.

Abin da ban gaya wa Nicasio ba shi ne, duk lokacin da yaron ya jefa ƙwallo mai lanƙwasa a iska, sai ya yarfa yatsunsa sau biyu a bayan cinya, inda yake zaton ba mai gani. Sau bakwai na ƙirga. Wataƙila ɗabi'a ce kawai.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An tsamo mutum shida da rai. An karanta sunayensu a rediyo. Muna tsaye a ɗakin cin abinci, har masu girki sun fito da ludayi a hannu. Franyel yana tsakiya da farantinsa. Da mai karantawa ya kai na shida ya yi shiru, sai yaron ya ajiye farantin a hankali kamar kada ya tashi wani daga barci, ya ɗauki safar hannunsa ta kama ƙwallo ya koma fili.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Ba labari.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Daga coci Casilda ta ce mu hau bas mu je Consuelo mu gai da Doña Fermina, uwar yaran. Tafiyar minti ashirin ce daga nan San Pedro. Na ce ina da aiki.

"Wane aiki? Wanda ka yi mako kana kallo kamar ya ci maka mutunci?"

"Ki bar ni, Casilda."

"Na bar ka. Amma gidan nan kake shiga ka ci abinci kamar ɗan gida. Yanzu ne ƙafarka ta yi nauyi?"

Ta tafi ita kaɗai da tukunyar shinkafa da wake. Da ta dawo ban tambaye ta komai ba. Ita ce ta ce, tana cire takalmi, "Ta bar ƙofa a buɗe. Ta ce ba za ta rufe ba sai ya shigo."

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe shida da rabi na safe

Shekara shida ke nan. Na je Consuelo duba wani yaro daban, wanda har na manta sunansa. A hanyar dawowa, a bakin gonar rake, na tarar da yara suna wasa da murfin gorar ruwa da sandar tsintsiya. Murfin gora ba ya tafiya a miƙe, yana rawa a iska yadda ya ga dama. Ga wani dogon yaro mara takalmi, sau goma sha ɗaya aka jefa masa, sau goma ya buga. Na ce wa ɗan acaɓan ya tsaya.

Na tambaye shi sunansa. Ya ce, "Wa ke tambaya?" Shekararsa goma sha uku.

Uwarsa tana soya fulawa a bakin titi. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Irinku da yawa sun zo, Don Elpidio. Duk wanda ya zo sai ya ce ɗana zai saya min gida a New York. Zauna ka ci, sannan ka faɗi taka ƙaryar."

Shekara uku ina zuwa duk Asabar ina jefa masa ƙwallo da wannan tsohuwar kafaɗar tawa. Ƙaramin yana tsinto mana. Ranar da kulob ya ɗauki Dionis, aka canza kwanon rufin gidan, aka yanka akuya, Doña Fermina ta yi rawa da ni a tsakar gida har sai da Casilda ta ce ya isa haka.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Laraba, 14 ga Mayu, da rana

Sojan ruwa sun daina dubawa.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na zauna na cika goma sha biyu a zama ɗaya. Hannu ya san aikinsa ko da mai shi ba ya nan.

Yeuri zai fara da zafi, amma a Yuli masu jifa za su gano ba ya taɓa ƙwallon da ta yi ƙasa, sai ya sauko. A riƙe shi. Anyelo ba shi da gudu, amma yana da haƙuri, ba ya kai sanda ga abin da ba nasa ba, zai fi yadda ake zato. Wilkin yana kewar uwarsa, yana kuka a banɗaki, babu gurbin rubuta wannan a takardar, sai na rubuta cewa zai yi jinkirin farawa.

Da na zo kan wani yaro ɗan Hato Mayor, wanda na san ba zai kai Agusta ba, sai na tsaya da biro a sama. Na tashi na sha ruwa. Na dawo na rubuta. Daga nan na je na leƙa ta taga ina neman sa a fili, ga shi can yana tsere da wani, yana dariya.

Saura huɗu.

Juma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Na shiga ɗakin ajiye kaya neman sababbin ƙwallaye, sai na tarar da Franyel zaune a kan buhu, hannunsa na dama cikin bokitin ƙanƙara har sama da gwiwa. Ya zabura, ruwa ya zube.

Na rufe ƙofa. Na ce, "Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne, Baba. Zafin rana ne."

"Franyel, ina jefa wa yayanka ƙwallo kana tsintowa da wando a yage. Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun Maris."

"Ina yake maka ciwo?"

Ya nuna cikin gwiwar hannun, daidai inda nake tsoro. Na ce ya miƙe hannun. Bai miƙu duka ba. Na ce yatsun fa? Ya ce ƙaramin da na kusa da shi suna mutuwa bayan jifa, amma suna farfaɗowa.

"Don Allah kada ka rubuta, Baba. Wata uku ne kawai. In na yi kaka mai kyau za su tura ni Amurka, can sai a gyara. In ka rubuta yanzu, ka san abin da suke yi wa mai ciwo."

"Ba kullum ba."

"Ka san abin da suke yi." Sai ya ɗago ya dube ni. Idon yayansa ne sak. "Ni kaɗai na rage mata."

Bai ce komai game da watan Janairu ba. Da ma ya faɗa.

Asabar, 17 ga Mayu, da safe

Na cika uku. Saura ɗaya.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Mai gadi ya aiko cewa wata mata tana nemana a bakin ƙofa. Tun daga nesa na gane tafiyarta. Ta rame. Ta sa baƙar riga.

Na ce, "Doña Fermina." 

Ta ce, "Ba faɗa na zo yi ba, Don Elpidio, ka saki jikinka. Hoto na zo nema. Wanda kuka ɗauke shi da rigar kulob, yana riƙe da sanda a kafaɗa. Duk na gida a wayarsa suke, wayar kuma tana tare da shi. Fada na cocinmu ya ce mu fara addu'ar kwana tara ranar Asabar. Ba zan ɗora fure a gaban tebur babu fuska ba."

Na hau ofis. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta ce waɗanda aka sallama an kwashe nasu zuwa wani wuri, sai ta nema. Ta yi minti ashirin tana nema, ina tsaye a kanta. Da ta buga shi ya fito, sai ta juya fuskarta ta miƙo min.

Doña Fermina ta riƙe shi ta gefe-gefe don kada yatsunta su ɓata shi. Ta ce, "Dubi wuyan nan. Ga abinci a wurin nan amma bai taɓa yin ƙiba ba."

Na ce zan kira mata Franyel. Ta ce a'a, a bar shi ya yi aikinsa. Har ta juya, sai ta tsaya.

"Ƙaramin yana lafiya dai ko? Yana gaya min komai lafiya, amma da hagu na ga yana ɗaukar kofi."

Na ce, "Ina sa ido a kansa."

Ta ce, "Na sani. Ai ka sa ido a kan babban ma."

Ba da gatse ta faɗa ba. Na yi ta juya maganar a hanya, ba da gatse ba ne.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi na safe

Ga abin da na rubuta a kan Dionis bara, bayan kakarsa ta uku. Na haddace shi. "Hannunsa yana da sauri, amma ba ya gane mai lanƙwasa sai ta wuce. Mun gwada duk abin da muka sani. Ba na ganin zai gyaru."

Layi uku. A Janairu aka kira shi ofis aka sallame shi. Ina sama a bakin taga lokacin da ya fito da jakarsa a kafaɗa. Ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga kai. Na san ya gan ni. Na koma na zauna.

Na sake duba duk wasanninsa a makon nan, ko zan sami inda na yi kuskure. Ban samu ba. Abin da na rubuta daidai ne. Ko yau aka ba ni takardar, shi zan rubuta. Matakala goma sha huɗu ce daga taga zuwa fili, ita ce ban sauka ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, da rana

Ɗaya daga cikin shidan da aka tsamo ɗan unguwar su Nicasio ne. Mutumin ya ce akwai wani dogon yaro a cikinsu da ya ƙulle safar hannu a leda ya ɗaura a ƙugu. Yana gaya wa mutane cewa akwai wanda zai gwada shi a can. Da ruwa ya fara shiga, shi ne ya fi kowa kwarfewa.

Nicasio ya faɗa min wannan muna tsaye a bayan raga, yana kallon gaba. Yau bai tsokane ni ba. Na ce, "Ya ce wani abu kuma?" Ya ce, "Abin da na gaya maka ya isa, tsoho."

Lahadi, 25 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar iyaye mata. Duk unguwa kiɗa. 'Yarmu ta kira daga babban birni, Casilda ta yi ta dariya a waya, ta ajiye, ta shiga ɗaki ta rufe.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Rainiero ya kira ni. Yaro ne mai kirki, sa'an ɗana ne, yana tashi tsaye idan na shigo. Ya juyo min kwamfutarsa.

"Don Elpidio, taka ɗaya ce ta rage. Dubi nan. Gudun ƙwallo, juyawarta, komai na Franyel ya fi na kowa a sansanin nan. Na'ura ta ce shi ne zai fi kowa a kakar bana. Manyan kulob a can Amurka suna tambayata shi. Ka sa hannu kawai, shi zai buɗe mana wasan ranar Litinin."

Na ce na'ura ba ta yi ƙarya ba.

"To me ya rage?"

Na ce zan kawo ranar Juma'a.

Ya rage murya. "Na san abin da ke damunka. Duk yana damun mu. Ka ga wannan karon labari mai daɗi za ka kai gidan."

Haka ne. Ba wanda zai taɓa cewa na yi ƙarya. Layi ɗaya kawai zan bari ban rubuta ba. Yaron zai yi wasa biyar, wataƙila shida, zai haskaka. Sannan wata rana a Yuli zai jefa ƙwallo ya ji abu ya tsinke, ya durƙusa a kan tudun jifa yana riƙe da hannu. Na ga wannan sau tara a rayuwata. Biyu daga cikinsu har yau ba sa iya taje kansu da hannun.

Ko kuma ba zai tsinke ba. Akwai waɗanda suka kai ƙarshen kaka. Uku na sani.

Laraba, 28 ga Mayu, da yamma

Casilda ta ce, "In ɗanka ne fa?" Na ce in ɗana ne ma ban sani ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na rubuta. Na rubuta cewa a cikin shekara goma ban ga hannu irin nasa ba. Na rubuta cewa gwiwar hannun tana ciwo tun Maris, kada ya jefa ko ɗaya sai likita ya duba. Na rubuta cewa in an gyara shi aka jira shi, zai biya haƙurin da aka yi. A gurbin hasashen bana na sa babu.

Kafin in kai ofis na neme shi. Yana bayan ɗakin kwana yana shanya safa. Na miƙa masa takardar na ce ya karanta. Ya karanta sau biyu, leɓensa na motsi.

"Ka riga ka kai?"

"Gobe."

"To yaga ta."

"A'a."

"Baba, na roƙe ka. Na roƙe ka don Allah."

"Na ji roƙonka."

Ya jefar da ita ƙasa. Ya faɗi abubuwa. Wasu a kaina, wasu a kan Janairu. Ba zan rubuta su ba, ba kuma zan ce ƙarya ya yi ba. Na tsaya har ya gama. Da ya gama ya zauna a ƙasa ya kifa kai a gwiwa, ni ma na zauna, nesa kaɗan. Mun fi rabin awa a haka. Da aka buga ƙararrawar abinci ya tashi ya tafi bai dube ni ba. Na ɗauki takardar na kakkaɓe ta.

Juma'a, 30 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Rainiero ya karanta ya dafe kai. An kai yaron asibiti ɗaukar hoton hannu. Jijiyar ta tsage fiye da rabi. Likita ya ce aiki za a yi, sannan shekara ɗaya da wata biyu ba jifa. Ko kulob zai ɗauki nauyi ya jira, ko zai sallame shi, manya ne za su yanke, kuma ba a wannan makon ba. Na ce wa Rainiero ya ba ni lambarsu. Ya ce ba haka ake yi ba. Na zauna a ofishinsa har ya ba ni.

Lahadi, 1 ga Yuni, ƙarfe bakwai na yamma

Yau ne kwana na tara. Mun tafi Consuelo da sassafe, Casilda ta wuce wurin mata masu girki. An kafa rumfa a ƙofar gida. A ciki ga tebur da farin ƙyalle, ga kyandir, ga hoton.

Na sami Doña Fermina a bayan gida tana tace kofi. Na ce na zo ne in gaya mata da bakina.

Ta ce, "Ya riga ka. Ya ce ka kashe masa kaka."

"Haka ne."

"Ya ce da ka yi shiru da gobe shi zai fara jifa."

"Haka ne."

Ta ci gaba da tacewa. Can ta ce, "Kai ne mai ganin gaba, Don Elpidio. Zai sake jifa?"

Ina da amsoshi da yawa da nake ba iyaye, duk na san su a ka. Na ce, "Ban sani ba, Doña."

Ta ajiye butar ta dube ni sosai. Ta ce, "To." Ta zuba min kofi a ƙaramin kofin gida, ba na baƙi ba. "Sha ka je ka taya su, mutane sun fara zuwa, kujeru ba su isa ba."

An aro dogayen bencina daga coci, suna jibge a bakin titi. Na kama ɗaya na ja, ya fi ƙarfina. Franyel yana tsaye a jikin bango da baƙar riga, hannun dama a rataye a wuya. Tun da na iso bai kalli inda nake ba. Na sake ja, ƙafar bencin ta kafe a ƙasa.

Ya zo ya sa hannun hagu ya ɗaga ɗaya gefen.

Ya ce, "Ɗaga sosai, Baba, kana jan sa a ƙasa."

Sau shida muka yi sawu.